Gaton kifewa na shokola da kwakwa da pekan: kwamandin Hajiya da wutar furuna

Ranar wata Litinin cikin watan Mayu, ana tsakiyar zafin nan namu na Maradi da ko fanka iskar wuta take hurowa, Hajiya ta aiko jikanta bisa kabu-kabu wai in zo tana nemana. Hajiyar nan ƙawar innata ce tun suna ƴan mata, gidanta na unguwar Zariya ni kuma ina Ali Ɗan Sofo, kuma tun da na fara sana'ar gato shekara 4 ke nan duk wani suna ko biki na gidanta ni take ba. To ban tsaya wata-wata ba na sa hijabi munka tahi.

Na iske falo cike, ashe babbar ɗiyarta ce ta zo hutu daga Amurka, wadda take aure a Huston cikin jihar Tekzas, kuma an tsaida ranar Juma'a za a yi walimar saukar Alƙur'ani ta autar gidan. Bayan gaisuwa da ban gajiya Hajiya ta ce, "Ɗiyata, ga yayarki nan ta zo mana da wata gyaɗar Amurka, wai gato take so a yi da ita, na ce mata in dai gato ne muna da mai yi a gida." Yaya ta buɗe firigo ta fiddo wata leda mai zik ta zuba mini ƴan ƙwara a tafin hannu. Abu ne ja-ja mai tsaga-tsaga kamar an zane shi da wuƙa, na tauna ɗaya na ji laushi da maiƙo da wani ɗan zaƙi can ƙasa-ƙasa, ba shi da taurin gyaɗa ko kaɗan. Sunanshi pekan. Sai ta nuna mini hoto cikin waya, gato ne baƙi wuluk na shokola, samanshi shimfiɗe da kwakwa da pekan ɗin suna ƙyalli cikin karamel, wato sukarin da anka narkar ya yi ja, babu kirim babu wani ado. Ta ce, "Ƙanwata, ba daga baya anka ɗora su ba fa, a ƙasan mul, wato kwanon gashi, ake jera su a zuba ƙullu bisa, in ya gasu sai a kife shi ƙasan ya dawo sama. Guda biyu nake so."

Ni kuwa na san gaton kifewa, wanda masu faransanci ke ce ma gato ranberse, na abarba na yi shi ya fi sau ashirin kuma bai taɓa ba ni kunya ba. Shi ya sa nan take na ce zan iya. Wannan sanin na abarba shi ne ya kusa ja mini asara, zan zo wurin.

Pekan ɗin ba a ƙasa yake yi ba kamar gyaɗarmu, ɗan itace ne, babbar bishiya ce ta Amurka ta Arewa, asalinta kwarin kogin Misisipi har zuwa Meziko, kuma har yau Amurka da Meziko su ne kan gaba wurin nomanshi. Mutanen Tekzas ma tun 1919 sunka ɗauke ta ita ce bishiyar jiharsu. Abin da ya shafe ni ni mai gashi shi ne mai, pekan wajen kashi 70 cikin 100 ɗinshi mai ne, gyaɗa kuwa kusan rabi ce, to abin da ke da mai haka saurin ƙuna gare shi a wuta kuma saurin yin gumu gare shi in an aje shi cikin zafi. Allah ya sa Yaya tun zuwanta ta jefa shi firigo, da a cikin akwati ya yi kwana goma na zafin Mayu da wani zancen ake. Ledar laba ɗaya ce wato giram 454, amma yara sun riga sun yi ta ɗiba, da na aza ta bisa sikeli a gida giram 305 na samu. Gato ɗaya yana cin giram 100. Ke nan na gato biyu ne da na gwaji ɗaya tak, kuma babu wata alimantasiyon da na sani a garin nan da zan shiga in ce a ƙaro mini.

Akwai wani abu da Yaya ta gaya mini da ya tsaya mini a rai. Ta ce can suna kiran wannan haɗin na shokola da kwakwa da pekan da sunan German, na ce au na Jamus ne? Ta ce haka kowa ke zato amma ba haka ba ne. Sunan mutum ne, Samuel German, wanda ya haɗa wata shokolar gashi mai ɗan zaƙi a kamfanin Baker's cikin 1852, anka sa ma shokolar sunanshi. Sai a 1957 wata jaridar birnin Dalas, nan cikin Tekzas ɗin, ta buga yadda wata uwargida ke yin gato da ita, abin ya bazu ƙasar duka. Na asalin hawa-hawa ne ana shafa kwakwar da pekan ɗin a tsakani, na kifewar nan sauƙaƙa shi anka yi, mul ɗaya gashi ɗaya.

Talata da hantsi na yi na farko, kuma bari in faɗi yadda na yi shi daki-daki don duk matsalar na cikin nan. Na sayo kwakwa ɗanya a babbar kasuwa na fasa na kankare baƙin bayan na goga ta, jiƙe sharkaf da ita tana ƙanshi. Pekan giram 100 na zuba cikin kasko na soya sama-sama kamar yadda nake ma gyaɗa kafin in sa ta a gato. Na aza farin sukari giram 120 bisa wuta har ya narke ya yi ja kalar zuma, na jefa margarin na juya na zuba cikin mul ɗina na alminiyom mara kauri, wanda da shi nake kusan komai. Na jera pekan a tsakiya zagaye-zagaye don shi yi kyan gani, kwakwar kuma na tara ta a gefe. Ƙullu na yi wanda na saba, mai kofi guda cur na ruwan zafi, irin mai ruwa-ruwan nan da ke ba da gato mai laushi, na tuttula shi daga sama na sa a furu. Furuna na gaz ne ƙirar masu walda na nan gida, wutarshi zobe ɗaya ce a ƙasa, babu ta sama, babu abin auna zafi, da hannu da ido nake gane shi.

Wajen minti 30 na fara jin wani ƙauri, na leƙa, sama lafiya lau bai ma gama tashi ba, na ce ko ɗigon ƙullu ne ya zuba ƙasa. Minti 45 na soka tsinke ya fito fes na fiddo shi. Daidai nan anka kira azahar, ga baƙuwa ta shigo, na ce bari shi huce, tun da duk gato sai ya huce nake fidda shi daga mul. Na fi minti 40 kafin in dawo kanshi. Na aza faranti na kife, shiru. Na bubbuga, na zagaya da wuƙa, na sake kifewa na girgiza, sai gaton ya faɗo ya bar fuskarshi manne cikin mul. Wallahi sai da na zauna bisa turmi na yi shiru.

Da na natsu na ɗauko mul ɗin na kai shi haske, don ni in abu ya lalace ba na zubarwa sai na duba shi. Abin da na gani ya ɗaure mini kai da farko, tsakiya ta ƙone ƙurmus, baƙin zobe daidai girman zoben wutar furuna, pekan ɗin wurin sun zama gawayi suna ɗaci, amma gefe inda kwakwa take jiƙe yake caɓa-caɓa kamar ba a gasa ba. Abu ɗaya ya ƙone kuma ya jiƙe lokaci guda. Sannan da na yanka jikin gaton na tarar da pekan wajen takwas sun taso sun shige cikin tsoka, ƙullu kuma ya zurara ƙarƙashinsu ya cike gurbin.

Babbar matsalar wutar ƙasa ce, kuma ba ranar ta fara ba. Shekara 4 furun nan yana ɗan ƙona mini ƙasan gato, in kankare da wuƙa in shafe da kirim in aza bisa kwali, babu mai gani, har na daina lissafa shi cikin matsala. Mu da yawa masu gashi a gida haka muke, ko mai furun walda ko mai tukunya bisa gawayi, wutarmu daga ƙasa take zuwa kuma ƙasan gato shi ne wurin da muke ɓoyewa. To wanga gato ƙasanshi shi ne fuskarshi. Wurin da wuta ta fi duka nan ne anka aje sukari da mai da pekan, abubuwa ukun da sunka fi komai saurin ƙonewa, kuma nan ne mai kwamandi za ta fara kallo.

Na ce to me ya sa na abarba bai taɓa yi mini haka ba, furu ɗaya mul ɗaya? Amsar ruwa ce. Abarba fiye da kashi 80 cikin 100 ɗinta ruwa ne, in ta ji wuta tana ta sakin ruwan cikin karamel, kuma muddin da ruwa a wurin zafin sukarin ba ya yin nisa sosai da na tafasa. Ita ce ke kare ƙasan ban sani ba. Pekan ba shi da ruwan da zai ba kowa. Sukari kuwa yana fara zama karamel wajen digiri 160, in ya haura 180 ya fara duhu, kaɗan gaba sai ɗaci. Ni na riga na kai shi ja tun bisa wuta kafin shi shiga furu, sannan na ƙara mishi minti 45 bisa alminiyom mai kaurin takarda. Pekan ma haka, na soya shi sannan na sake gasa shi, wuta biyu ke nan ya sha. Kwakwar ɗanya kuma kusan rabin nauyinta ruwa ne, da ta bazu ko'ina wataƙila da ta ɗan taimaki tsakiyar, amma na tara ta gefe inda wuta ba ta kai sosai, sai ta saki ruwanta can ya rasa wurin zuwa ya jiƙa gaton.

Mannewar kuwa laifin jira ne kawai. Karamel yana da ruwa-ruwa ne in da zafi, in ya huce ya zama ƙaro, ya riƙe mul ya riƙe pekan. Minti 40 sun yi yawa ƙwarai.

Da la'asar na tahi gidan innata da mul ɗin cikin leda. Ita ba ta san pekan ba amma ta yi gaton sallah shekara da shekaru cikin tukunya tun ba mu da furu. Ta duba baƙin zoben nan ta ce, "Ke wutarki tsirara take taɓa kwanon. Mu da yashi muke zubawa cikin tukunya, mu aza duwatsu uku ƙanana, kwanon bisa duwatsun, garwashi kaɗan a ƙasa mai yawa bisa marfi. Yashin shi ke shanye fushin wutar ya raba ta." Na ce Inna ai furu ne yanzu, ta ce furun ba wuta ba ce a cikinshi? Da tsohuwar zuma ake magani, na dawo gida na samo tire na ƙarfe na cika shi da yashin gulbi wankakke busasshe, kaurin yatsa biyu, na aza shi a ƙasan furu bisa zoben wutar, amma ban toshe ramukan iska na gefe ba don wutar gaz in ba ta samun iska ja take yi tana hayaƙi, kuma haɗari ne.

Abu mai nauyi da ya rage shi ne gaya ma Hajiya. Na yi ta juya shi a raina, don da na yi shiru ba wanda zai ƙirga pekan, amma amanar mutane ce kuma abin ya taso daga wata duniya. Na kira ta bayan magariba na ce Hajiya na yi gwaji ya lalace, kashi ɗaya cikin uku na gyaɗar ya tahi, saura na gato biyun cif babu ragi. Ta ce, "Ba komai ɗiyata, ai hannu mai aiki shi ke ɓari. Amma ki yi gwajinki da gyaɗarmu ta gida, ita ba ta ƙarewa a Maradi." Gaskiya ta faɗa kuma da can ya kamata in yi haka, garin da anka san shi da gyaɗa tun zamanin Faransawa, ni ina gwaji da abin da ba a samu.

Laraba na yi gwaji da gyaɗa, na sake kusan komai. Wata abokiyar sana'ata ta ara mini termometir na furu da mul mai kauri na santimita 24. Da na sa termometir ɗin a yadda na saba buɗe gaz, babu yashi, allurar ta wuce 200 a hawan ƙasa inda nake aza gato, alhali 175 zuwa 180 ake so. Da yashi, da rage wuta, da maida ragar hawan tsakiya, ta tsaya wajen 175 ta zauna nan, sai dai furun yana ɗaukar kusan minti 25 kafin shi yi zafi don sai yashin ya ɗauka tukuna, gaz ɗin da ake ci ya ƙaru ke nan, wannan sai a sa shi cikin lissafi.

Wurin sukari na bar dafa karamel gaba ɗaya. A can Amurka da jan sukari suke yi, wanda sukari ne da sauran baƙin ruwan rake a jikinshi, shi ke ba da kala da ɗanɗano ba sai an ƙona ba. Nan samunshi sai an sha yawo kuma da tsada, sai na tuna mazarƙwaila, ai ita ma ruwan rake ce anka dafa ta daskare ba a tace ta ba. Na goga giram 70 na haɗa da farin sukari giram 40, da bur, wato man shanu na kwali, giram 60, da madara babban cokali 2, da ɗan gishiri, na aza bisa wuta kaɗan har sunka narke kawai, ko minti ɗaya ban bari ya tafasa ba. Dole a tace ta da rariya mai laushi, mazarƙwaila ba ta rasa ɗan tsakuwa ko ɓawon rake, kuma ba abin da ke zubar da mutuncin mai gato kamar baƙo shi tauna ƙasa. Na so in sa man shanunmu na Fulani, na ɗan gwada cikin cokali, amma ƙanshinshi yana da ƙarfi yana danne shokola, sai na bar shi ma shinkafa da wake na sayi bur na kwali.

Kwakwa na goga na baza cikin kasko bisa wuta ƙasa-ƙasa ina juyawa wajen minti 10, ba don ta yi ja ba, don ta sha iska ta bar manne ma hannu, tana nan fara na sauke. Giram 70 bayan ta bushe. Mul ɗin na shafe shi da bur na yanka takardar gashi zagaye na shimfiɗa a ƙasa, na zuba ruwan mazarƙwailar, na jera gyaɗa ɗanya wadda na ɓare ma jar riga, na barbaɗa kwakwa ko'ina daidai wa daida na danna da bayan cokali. Sai na sa mul ɗin firigo minti 15 don bur ɗin shi daskare shi riƙe komai a wurinshi kafin ƙullu shi zo.

Ƙullun ma na ƙara mishi kauri: fulawa giram 170, garin kakawo giram 40, sukari giram 160, ƙwai 2, mai mililita 90, kindirmo giram 160, rabin sashen lebir wato ƴar ledar hodar da ke sa gato tashi, bikarbonat rubu'in ƙaramin cokali, gishiri kaɗan, ruwan zafi kuma babban cokali 3 kacal wanda na dama kakawon da shi don ƙanshinshi shi tashi. Sashen lebir ɗin nan na giram 11 na fulawa rabin kilo ne, masu juye shi duka cikin ƙaramin gato shi ya sa yake kumbura ya faɗa a tsakiya. Bikarbonat kuma sai da abu mai tsami yake aiki, kindirmon shi ne abokin aikinshi, in babu tsami ɗanɗanon sabulu yake bari a baki. Wani abin da ke ci mini rai duk sa'ad da na buɗe gwangwanin kakawo, Kodebuwa da Gana nan kusa da mu su ke noma fiye da rabin kakawon duniya, amma wanda nake saye sai ya je Turai an niƙa ya dawo mana da tsadarshi. Da cokali na riƙa aza ƙullun a hankali daga gefe zuwa tsakiya, ban tuttula ba.

Minti 42 ya yi. Gaton shokola ba a gane gasuwarshi da ido tun da dama baƙi ne, sai tsinke, kuma kar a soka har ƙasa don zai taɓo karamel ya fito da danƙo a zaci bai gasu ba a ƙara mishi wuta. Na fiddo na duba agogo, minti 8 na ba shi, na zagaya da wuƙa na aza faranti na riƙe da tsumma biyu na kife lokaci guda, na bar mul ɗin a kife minti ɗaya don ruwan shi gangaro. Da na ɗaga sai ga shi ya fito sumul, na ɓare takardar a hankali, gyaɗa biyu ce kawai ta bi takarda na maida su gurbinsu. Babu baƙin zobe. Maigida da yara sunka cinye rabinshi kafin isha'i, sauran na aika ma Inna da mai termometir. Abin da na lura gyaɗar ta ɗan yi tauri-tauri ba ta gasu sosai ba, ita da an ɗan soya ta da ya fi, amma wannan ya kwantar mini da hankali, wutar da ba ta gama gasa gyaɗa ba ba za ta ƙona pekan ba.

Na gaske na yi su Alhamis da dare bayan isha'i, don da rana kicin ɗina ba ya shiguwa, bur ma narkewa yake tun daga digiri 32 zuwa 35 mu kuwa muna sama da 40. Ɗaya bayan ɗaya na yi su tun da mul mai kaurin guda ne. Pekan ban soya ba, ɗanye na jera shi, bayan mai tsaga-tsaga yana kallon ƙasa don shi ne zai dawo sama. Ina gama jera na farko kuran wato wutar lantarki ya ɗauke, firigo kuma dama tun rana bai yi wani sanyi ba. Na aiki babban ɗana ya sayo ƙanƙara biyu a maƙwabta na fasa cikin roba na aza mul ɗin bisa, cikin minti 10 ya daskare har ya fi na firigo, sai dai na goge ƙasan mul ɗin tas kafin in sa a furu. Da fitilar waya na duba termometir, da ita na soka tsinke, da ita ɗana ya haska mini na kife. Na farko ya fito yadda hoton yake. Na biyu da yake yashin ya riga ya ɗau zafi sosai na rage wutar amma ban rage isasshe ba, minti 38 ya gasu, kuma gefe ɗaya wajen bayan furu ya fi duhu, bai ƙone ba amma ni na gani. Da na juya mul ɗin bayan minti 25 da ba haka ba.

Ban sa su firigo ba ko da kuran ya dawo, sanyi yana sa karamel tauri ya dushe ƙyallinshi, na rufe su da babbar roba a ɗakin da ya fi sanyi. Juma'a da safe na ɗau adaidaita na rungume su bisa cinya har unguwar Zariya ina roƙon mai tuƙi shi bi ramukan hanya a hankali.

Yaya ce ta yanka. Ta ci loma ɗaya ta yi shiru tana taunawa, ni kuma ina tsaye bakin ƙofar kicin zuciyata na bugawa. Ta ce, "Ƙanwata, na can ya fi wannan zaƙi nesa, har yakan ginshe ni, wannan kuwa zan iya cin yanka biyu. Amma me kika sa a saman? Akwai wani ɗanɗano da na sani." Na ce mazarƙwaila ce Yaya. Sai ta kira Hajiya tana dariya wai ta zo ta ji, alawar da suke saye a ƙofar makaranta suna yara ce ta haɗu da gyaɗar Tekzas. Na nuna mata gefen da ya yi duhu don ban so ta gano da kanta, ta ce can ma haka yake fitowa wani lokaci, ta yanke wurin ta ba yaran da ke zagaye da ita. Malaman da sunka zo addu'a anka kai musu na farkon, farantin ya dawo babu ko ɓurɓushi.

Wurin kuɗɗi kuwa ban ci riba ba, gato huɗu na gasa anka biya ni biyu, ga gaz ga ƙanƙara ga bur na kwali. Hajiya ta ƙara mini jaka biyu bisa abin da munka yi ciniki ta ce na wahala ne, na ƙi karɓa saboda pekan ɗin da na ƙona, ta tura su cikin jakata ta ce kar in sake yi mata musu.

Tiren yashin har yau yana cikin furun ban fidda shi ba, kuma tun daga ranar ban sake kankare ƙasan gato ba ko na kirim ne. Termometir na maida ma mai shi na ba da saƙo a sayo mini nawa daga Katsina. Mata biyu da sunka ci a walimar sun yi kwamandi, na gaya musu gaskiya pekan ya ƙare kuma ba ni da hanyar samunshi, ɗaya ta ce a yi mata da gyaɗa, na ɗan soya ta minti 5 wannan karon ta fito daidai. Ɗayar ta ce ita aya take so tun da ta cika kasuwa. Na jiƙa ayar kwana ɗaya na daddaka na gwada cikin ƙaramin mul, ɗanɗanon ya yi daɗi da kwakwar amma tusar ayar na tsayawa a haƙori, na ce mata ta ba ni mako ɗaya in gwada da ƴaƴan kashu in kira ta.